Takalmin Hawan Dutse na Ƙaninki

Saint-Denis, farkon watan Satumba

Zuwa ga Yaya Zouera, a Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, Yaya, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya ƙafar? Zuhura ta ce mini a waya gwiwar ta sake tashi da shigowar damina, har a zaune kike salla. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ce. Mun ji an samu ruwa bana, gero ya fid da kai, Allah ya tsare shi daga fara da tsuntsu, ya kai mu kaka lafiya. Mu ma nan kalau muke, alhamdu lillahi. 'Yarmu Sofia tana Tuluz tun da aka shiga hutu, tana sitaj, wato koyon aiki, a wani asibiti, sai ƙarshen wata za ta dawo. Ƙaninki yana nan yana fama da aikinsa a Rungis, babbar kasuwar abincin nan da yake dako a cikinta tun kafin a kawo ni ƙasar nan. Jikinsa lafiya lau. Abin da ke cin sa ba a jiki yake ba, shi ya sa na zauna rubutu ban yi miki saƙon murya ba, don in na buɗe baki kuka zai riga magana fita, ga shi kuma wayarki kullum a hannun jikoki take. Ki sa Zuhura ta karanta miki a ɗaki, ku biyu kawai.

Maganar ɗanki ce, babban namu da ke Lyon, wanda ba sai na faɗi sunansa ba tunda ke kika zaɓa masa shi. Kin san yadda muka taso, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a jan sa a jiki a gaban mutane. Ni ma ina yi, amma ƙaninki ya fi ni nesa ba kusa ba. Yaron nan ya kusa shekara talatin a duniya, daga "kai" sai "wancan" sai "ina yayanku" yake ji daga bakin ubansa. Ni kuma da yake ba zan iya cewa baban wane ba, sai na riƙa cewa Baban Sofia, jama'a suka ɗauka, har yau duk Hausawan Paris da shi suke kiran sa. Yaron yana ji tun yana ƙarami. Na tuna shekarar da lekol, wato makarantarsu, ta kai su duwatsu hutun ƙanƙara, yana ɗan firamare. Ranar dawowarsu muka je tarbarsu, motar da ta ɗauko su ta tsaya, iyaye maza na Turawa da na Larabawa kowa ya rungume nasa yana juyi da shi. Namu ya sauko da gudu, kunci ya bushe da sanyi, bakinsa cike da labari. Ubansa ya karɓi jakar daga hannunsa, ya juya ya wuce gaba. Na san daɗi ne ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa, amma yaron abin da ya gani shi ne ƙeya.

Tun daga wannan tafiya dutse ya shiga ransa. Shi ya sa ma da ya gama karatu ya nemi aiki a Lyon, don daga can duwatsun Alp ba nisa, duk Asabar ɗin da ya samu sarari yana can yana hawa. Yanzu kuma ya samu aiki a Kanada, ƙarshen watan nan zai tashi, kuma yadda yake magana ba irin tafiyar da ake dawowa da wuri ba ce. Ki riƙe wannan a ranki, Yaya, don shi ne ya hana ni barci.

Ranar Babbar Sallah ya zo gida. Falo cike da maza, Alhaji Faruk mai aika motoci Kwatano da mutanensa, ana ta cin soyayyen nama ana musun siyasa. Yaron nan ɗan nan ne, bai san akwai maganar da ake jira baƙi su tashi ba. Ya zo ya durƙusa gaban ubansa da waya a hannu, ya nuna masa hoton wani dutse da suke kira Buet, wajen Chamonix. Ya ce ba a bukatar igiya, tafiya ce kawai mai tsawo, har tsofaffi suna yi. Rana ta farko a hau zuwa wani gidan kwana da ke tsakiyar dutsen a kwana, washegari a ƙarasa ƙoli, daga can mutum ya ga babban dutsen nan Mont Blanc sosai a gabansa. Ya ce jama'a suna rububin wurin, shi ya sa tun da wuri ya kama gado biyu na ƙarshen Agusta. Sai ya ce, da Hausarsa mai ɗingishi, "Baba, kafin in tafi ina so mu yi abu ɗaya, ni da kai kawai."

Alhaji Faruk ya fashe da dariya har da buga cinya. Ya ce mutum ya baro duwatsun Damagaram kyauta, ya zo Faransa ya sayi wahala? Sauran suka kama. Ƙaninki fa, me zai yi a gaban mutane? Ya ce to, ya rungume ɗan farinsa, gobe a yi da shi a masallaci? Sai ya yi dariya tare da su, ya tura wa Alhaji farantin nama, ya ce su ji yaran zamani. Ina tsaye a ƙofar ɗakin girki na ga yaron ya mayar da wayar aljihu a hankali, ya tashi ya kwashe kwanoni. Da la'asar ya ce yana da aiki gobe, ya koma Lyon, ko naman da na ƙulle masa bai ɗauka ba.

Washegari da ƙaninki ya tashi daga barcin dawowa aiki, yana shan shayi, idonsa a cikin kofi, sai ya tambaye ni ko na riƙe sunan dutsen nan. Na ce na riƙe, me za ka yi da shi, kai da ka ce yaran zamani? Ya ci gaba da shan shayinsa. Kafin sati ya zagayo ya je wajen likita an auna zuciyarsa da jininsa. Ya sa ni na rantse da Allah ba zan faɗa wa yaron ba, ba zan faɗa wa Sofia ba, don ita magana ba ta kwana a cikinta. Da farko ya ce sai likita ya ba shi izini, kar ya yi alkawari ya kasa. Likita ya ce lafiyarsa ta isa, ya dai tafi a hankali, ya yawaita shan ruwa, in ya ji kai na sarawa ko tashin zuciya a sama kar ya yi taurin kai, ya sauko. Na ce to, kira yaron. Ya ce a'a, sai ya iya hawa benenmu bai tsaya ba. Da ya iya, ya kawo wani dalilin. Gaskiyar ita ce bai san da wane baki zai faɗa ba. Na ce masa yaron nan ba boka ba ne, ba zai san abin da ke cikinka ba. Ya ce gado an riga an kama, ina zai je? Gara kawai ya gan shi da kayansa a ƙofa, babu bukatar surutu. Kin san kan ƙaninki in ya kafe.

Yaya, da kin gan mu a kantin kayan hawan dutse da kin yi dariya har kin manta da gwiwa. Mutum da kaftaninsa da hularsa, a tsakiyar matasa masu gajeren wando. Wata yarinya mai suna Najla ce ta kula da mu, 'yar kirki mai haƙuri. Ta auna ƙafarsa, ta ba shi takalmi mai wuya wanda ya ɗan fi ƙafarsa girma, ta ce ƙafa tana kumbura a tafiya, kuma wajen gangarowa yatsu suna dukan gaba. Ta sa shi ya hau wani katako mai gangara ya sauko, ya tattare kaftani yana taka shi kamar mai tsallaka kwata. Ta ce kada ya kuskura ya kai sabon takalmi dutse, ya sa shi kullum har ya saba da ƙafar. Ta hana shi safar auduga, ta ce tana riƙe gumi ta koma sanyi, sai ta ulu. Riguna ma ta ce gara sirara a jera su, in zafi ya yi a cire, in iska ta taso a ƙara, da a sa ƙatuwa guda. Muka ɗauki rigar ruwa, da fitilar da ake ɗaurawa a goshi, da jakar goyo, da wani ɗinkakken zane kamar buhu da ake shiga a kwanta, don a gidan kwanan bargo kawai ake bayarwa kuma kowa da shi yake rufa. Sandunan tafiya ya ce shi bai tsufa ba. Bayan ya gwada gwiwarsa a matakala ya koma shi kaɗai ya sayo su, ya ɓoye a bayan kujera wai kar in gani. Najla ta durƙusa ta koya masa wani ɗaurin igiyar takalmi da ke riƙe diddige, ya maimaita har ya iya da ido rufe.

Daga nan gidanmu ya zama sansanin soja. Kin san can sama muke, kusa da rufin bene. Ya daina shiga asansar, na'urar nan mai hawa da mutane sama, kwata-kwata. Kullum bayan azahar zai cusa buhun shinkafa a jakar, ya goya, ya sauka har ƙasa ya hawo, ya sake sauka. Wata maƙwabciyarmu 'yar Mali ta gan shi yana haki a matakala, ta zaci asansar ta sake lalacewa, ta biyo shi a ƙafa da kayan cefanenta har sama, da ta gane asansar lafiyarta ƙalau ta yi sati ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ran Lahadi sai ya tafi matakalun Montmartre ya yi ta hawa da sauka a cikin 'yan yawon buɗe ido. Takalmin kuwa har Rungis yake zuwa da shi. Ƙafarsa ta yi bororo, ta fashe, ta warke, ni ce mai shafa man kaɗe da manna filasta ina yi ina mita. Ya rage sukari a shayi, abin da likitoci suka yi shekaru suna roƙonsa. Ya je wajen limaminmu ya tambayi yadda matafiyi zai haɗa salla, da hukuncin taimama in ruwa ya yi sanyin da ba a iya taɓawa. Ya sa aka taho masa da kilishi daga gida ta hannun wani mai zuwa, ya sayi dabino. Sannan ya ce in daka dakuwa, wai lokacin da yaron yana ƙarami, duk wanda ya zo daga gida da ita, shi ne ke cinyewa a ɓoye. Wallahi ni uwarsa na manta da wannan, shi da ko kallon yaron ba ya yi bai manta ba.

Akwai wani ɗan usur a jikin maɗaurin jakar. Najla ta ce a kan dutse gajimare yana saukowa ya zama hazo, mutum ya daina ganin wanda ke gabansa, to a lokacin a tsaya wuri ɗaya, a busa usur ko a ƙwala wa juna kira. Wata rana da yamma ina shafa masa mai a ƙafa, sai ya ce a can sama ai babu wanda ya san mu, babu Alhaji Faruk, babu 'yan masallaci. Na ce babu. Ya ce, "In hazo ya sauka ban gan shi ba, ai dole in kira shi da sunansa, ko?" Na ce dole ne, rai ake magana. Ya ce to. Sai ya yi wani murmushi da rabona da shi tun ranar da aka haifi yaron, lokacin da ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin asibiti yana leƙen jaririn, yana zaton barci nake. A ranar na gane ba dutsen ne a gabansa ba, dalili yake nema.

Ranar Juma'a, jajibirin tafiyar, muka kama hanyar Lyon. Ya ɗauki hutu a wajen aiki. Kaya duk ya shirya su yadda aka koya masa, masu nauyi kusa da baya, rigar ruwa a sama. Amma da muka zo fita sai kunya ta kama shi, wai kar a gan shi a unguwa da jakar goyo kamar ɗan lekol, ya cusa ta ita da sandunan a cikin ƙatuwar jakar leda mai zane irin ta Barbès, ya ja zif. Takalmin ne kawai a ƙafarsa, wando ya rufe rabinsa. A cikin jirgin ƙasa na kira yaron na ce ga mu nan tafe gaishe shi, ya yi mamaki, ya ce sai mun zo. Ƙaninki bai runtsa ba duk hanyar, mutumin da ko a metro barci yake. Yana ta kallon taga, duk tudun da ya gani sai ya tambaye ni ko an fara duwatsun ke nan.

Muka isa, muka cire takalma a ƙofa muka shiga. Jakunkuna biyu ne a tsakar ɗaki, an gama ɗaure su. Ga wani dattijo ɗan Aljeriya, sa'an ƙaninki, direban bas ne da ya aje aiki, mahaifin Yanis abokin karatun yaron. Ashe ya daɗe yana bin su duwatsu. Muna zama yaron ya koma ya ƙarasa abin da muka katse, ya goya wa dattijon jaka yana gyara masa maɗauri a kafaɗa, dattijon kuma yana dafa kansa yana tsokanarsa, yana kiran sunansa ba ƙaƙƙautawa, kamar sunan ba shi da nauyin komai. A nan yaron ya faɗa mana, sama-sama, irin maganar da ta riga ta wuce, cewa tunda Baba ba ya so, kuma masu gidan kwanan sun nemi a tabbatar da masu zuwa, sai ya ba Baban Yanis gadon kar ya tafi a banza. Ya ce sun yi sa'a ma, don a wannan lokaci wurin cike yake maƙil, ko tabarma ba za a samu wurin shimfiɗawa ba.

Na juya na dubi ƙaninki. Yana zaune a bakin kujera, jakar Barbès tsakanin ƙafafunsa. Fuskarsa ba ta canza ba, hannunsa ne kawai na ga ya damƙe maɗaukin jakar. Can sai ya ja zif ɗan kaɗan, daidai shigar hannu, ya laluba ya fiddo kilishi, ya fiddo dabino, ya fiddo dakuwar, ya jera a kan tebur, ya ce guzuri muka kawo musu. Ya sake lalubawa ya fiddo fitilar goshin, ya ce wani ne ya ba shi a wajen aiki, shi ba ta da amfani a gare shi. Sannan ya ja zif ya rufe. Baban Yanis, bawan Allah, bai san komai ba, ya ɗanɗani kilishi ya yi ta santi, ya kama hannun ƙaninki ya ce Allah ya ba shi ɗa, yaron nan ya taɓa sauko da shi daga dutse rabin hanya a kafaɗarsa da ya gurɗe, duk uban da ke da irinsa dole ya yi alfahari. Ƙaninki ya sunkuyar da kai ya ce sai dai addu'a. Ni da ke mun san iyakar abin da uba zai ce ke nan in an yabi ɗan farinsa a gabansa. Yaron ya dube shi ɗan jim, ya tashi ya ce bari ya dafa shayi.

Na bi shi ɗakin girki. Ya juya mini baya yana wanke kofuna masu tsabta. Ya ce da Faransanci, murya ƙasa-ƙasa, tun yana ƙarami yake ƙoƙari, ya ci jarrabawa, ya samu aiki, bai taɓa jawo mana magana ba, duk don ya ji kalma ɗaya daga mutumin nan. Babu fushi a muryarsa, Yaya, kuma da fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Mama, kar ki damu. Na daina jira." Na buɗe baki, rantsuwa ta riƙe mini harshe, ga jakar can a falo taku kaɗan daga inda muke. Abin da ya fito daga bakina shi ne ruwan shayi ya tafasa. Kafin in sake tattara kaina ƙaninki ya ɗaga murya daga falo ya ce mu tashi kar jirgi ya bar mu, alhali ko tikitin komawarsa na ranar ba mu da shi, sai a tasha muka saya.

A ƙofa yaron ya sunkuya zai juya wa ubansa takalma, yadda na koya masa tun yana yaro. Ya ɗaga guda, ya ji nauyinsa, ya juya ya dubi ƙasan da ya fara cinyewa. Shi ya san takalmin dutse ko a cikin duhu. A raina na ce shi ke nan, Allah ya kawo mana sauƙi, ya gane. Ya tambayi ubansa ina ya samu wannan. Ƙaninki ya ce, "Na aiki ne. Rungis akwai sanyi." Yaron ya gyaɗa kai ya ce takalmi ne mai kyau, zai daɗe, ya ajiye. Ubansa ya zauna a kan matakala ya ɗaure igiyar tsaf, irin ɗaurin nan mai riƙe diddige da babu ɗan dakon da ke yin sa, a gaban idonsa. Amma a lokacin yaron ya riga ya fiddo waya yana duba yanayin gobe.

Muka shiga jirgin dawowa ni da ƙaninki. Bai yarda ya sa jakar a wurin kaya ba, a kan cinyarsa ya riƙe ta. Sai da muka fara ganin gidajen Paris ya tambaye ni me yaron ya ce game da yanayi. Na ce ya ce rana za a yi tarwai, sama garau. Ya ce alhamdu lillahi, ba za a yi hazo ba ke nan. Na juya fuskata wajen taga na yi kukana, wata Baturiya da ke gabanmu ta miƙo mini hankici.

Sun hau lafiya sun sauko lafiya. Yaron ya turo hoto a wayar iyali, shi da Baban Yanis a ƙoli, farin dutse a bayansu, fitilar ubansa a rataye a wuyansa, ga ledar dakuwa a hannunsa yana nuna wa mai ɗauka. Ya rubuta a gode wa Mama da dakuwa. Ƙaninki ya karɓi wayata ya daɗe yana kallo, ya buɗa hoton da yatsu, ya miƙo mini ya ce yaron ya rame. Jakar goyon har yau bai kwance ta ba, shinkafar kawai ya mayar ciki a kan kayan. Kullum bayan azahar yana goya ta ya sauka ya hawo. Na ce masa na mene ne kuma? Ya ce jiki ya saba.

Na yi ta tunani, Yaya, ina juya abin. A gida in uba ya kau da kai daga ɗan fari, ai ba a sake yaron haka nan ba. Akwai kaka mai ɓoye masa nama, akwai kawu mai ɗora shi a wuya, akwai goggo irinki mai kiran sa da suna har da kirari, ta ja shi gefe ta ce kar ka ga ubanka haka, jiya da kake zazzaɓi a ƙofar ɗaki ya kwana. Yaro yana tashi ya san kunya ce, ba ƙi ba. Mu muka ɗauko kunyar muka hau jirgi da ita, muka bar ku a Damagaram. Yaron nan ya taso a cikin ɗakuna uku, babu wanda zai fassara masa ubansa. Ba na ce al'adarmu mummuna ba ce, a cikinta aka raine ni kuma ban lalace ba. Amma rabinta muka kawo, kuma rabin da ke ciwo ne.

Ga abin da nake roƙonki. Na rantse ba zan faɗa wa yaron ba, ba zan faɗa wa Sofia ba. Ban rantse a kanki ba. Ke goggonsa ce, kina da bakin da mu ba mu da shi, kuma yana jin maganarki tun zuwansa na ƙarshe da kika riƙa dafa masa ɗanwake da sassafe. Lambarsa tana wayar Zuhura. Ki kira shi ki faɗa masa komai, buhun shinkafar, bororon ƙafa, abin da ke cikin jakar Barbès, da wanda ya tuna da dakuwa. An ce in kaka ta shigo gidajen kwanan duwatsun rufewa suke, ƙanƙara ta fara zuba, ban sani ba ko akwai sauran lokaci. In babu, ko wani ɗan tudu ne a bayan Lyon ya isa, su dai tafi su biyu inda babu idon kowa. Bayan haka ki kira ƙaninki ki wanke shi tas, don duk duniya ke kaɗai ce yake sunkuyar wa da kai. In ya yi fushi da ni na ɗauka, na fi son fushinsa da wannan shirun.

Ki gaida Malam da kyau, Allah ya ƙara masa lafiya. Ki gaida Inna Sabuwa, ki ce maganin idonta yana nan tafe ta hannun wanda ya kawo takardar nan. A gaida Rachidou da amaryarsa, da Mika'il, Allah ya ba shi sa'ar jarrabawa. Zuhura, sannu da karatu, Allah ya yi miki albarka, abin da kika ji kuma ya tsaya a ɗakin nan.

Abu ɗaya ya rage da na so in bari, amma ba zan iya ba. Jiya da rana na buɗe ƙofa zan fitar da shara. Ƙaninki yana hawa ɗaya ƙasa da ni, da jakarsa a baya, ya dafa ƙarfen matakala yana maida numfashi, bai ji ni ba. Ya duba ƙasa, ya ga babu kowa. Sai na ji ya faɗa, a hankali, sau ɗaya, kamar mai gwada ko bakinsa zai iya: "Kamal." Ya tsaya shiru yana saurare. Na koma ciki da sharata, na tura ƙofar a hankali kar ya san na ji.

Ki kira yaron, Yaya, don Allah, kafin jirginsa ya tashi.

Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum, matar ƙaninki,
Batula